Caji, girma da halin kanwa a ƙarafan ƙasa masu wuyar samu: tambayoyi da amsoshi

Duk shekara, idan jarrabawa ta matso, yaran Zango da ke karatun kimiyyar sinadarai a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, KNUST, sukan taru a wurina a unguwar Aboabo bayan sallar isha'i. Babu babin da ya fi tayar musu da hankali irin na lantanaid, wato rukunin da ya fi yawa cikin ƙarafan ƙasa masu wuyar samu. Tambayoyin ba sa canzawa, fuskokin masu yin su ne kawai ke sauyawa. Shi ya sa na tara su wuri ɗaya. Abin da littafi ke kira bes, a nan ina kiransa halin kanwa, wato kishiyar tsamin asid, domin duk wanda ya taɓa ganin an dafa wake da shinkafa a Kumasi ya san aikin kanwa.

Waɗanne ne ƙarafan ƙasa masu wuyar samu, kuma da gaske ba su da yawa?

Guda 17 ne. Akwai 15 da ake kira lantanaid, daga lantanom mai lamba 57 zuwa lutetiyom mai lamba 71, sai iskandiyom mai lamba 21 da itiriyom mai lamba 39. Sunan yana ruɗarwa. Seriyom ya kai tagulla yawa a ɓawon ƙasa, ya kuma fi dalma. Har tuliyom, wanda yake cikin mafiya ƙaranci a gidan, ya fi zinariya yawa nesa ba kusa ba. Furometiyom kaɗai ne kusan ba a samunsa a zahiri, don yana rugujewa da kansa.

Wuyar tana wajen raba su. A cakuɗe suke zuwa cikin dutse ɗaya, kuma kusan dukkansu caji +3 suke ɗauka idan sun shiga ruwa, sun yi kama da juna kamar 'yan uwa ɗaki ɗaya.

Malam, ayon mai caji na fozitif ai asid ne. Ta yaya kuma ake maganar halin kanwarsa?

Wanda ya fara yi mini wannan tambayar ya fi littafinsa gaskiya. Shi ayon ɗin, wato atom da ya ɗauki caji, kamar La³⁺ na lantanom, karɓar ilektron yake yi, don haka asid ne a ma'aunin Lewis, wanda ke kiran mai karɓar ilektron asid. Idan aka ce lantanom ya fi lutetiyom halin kanwa, ana nufin oksaid ɗinsa (haɗinsa da oksijin) da haidiroksaid ɗinsa (haɗinsa da oksijin da haidirojin), wato La₂O₃ da La(OH)₃, ba shi ayon ɗin tsirara ba.

Ka ɗauki jerin nan: ƙarfe, sai oksijin, sai haidirojin, M–O–H. Oksijin na tsakiya, ana ja-in-ja a kansa. Idan riƙon ƙarfen sako-sako ne, igiyar tana tsinkewa tsakanin M da O, sai OH⁻ ya fita cikin ruwa, an sami bes. Idan ƙarfen ya damƙe oksijin da ƙarfi, ya janyo ilektron ɗinsa gare shi, sai igiyar ta raunana tsakanin O da H, H⁺ ya fita, an sami asid. Duk abin da ke wannan shafin daga nan ya fito. Wanda ya riƙe wannan ba ya bukatar haddace jerin sunaye kamar karatun allo.

Mene ne haɗin girma da caji da wannan riƙon?

Cokali uku na yaji a babbar tukunyar miya ba sa hana yaro ci. Cokali ukun nan a ludayi ɗaya, sai hawaye. Yajin bai ƙaru ba, wurin ne ya ragu. Haka caji yake a jikin ayon: idan ayon ƙarami ne, cajin ya taru a ɗan wuri, oksijin kuma ya matso kusa da cibiya, sai jan ya tsananta. Ana auna wannan da sauƙi ta hanyar raba caji da girman ayon, z/r. Idan z/r ya hau, halin kanwa ya sauka. Kazimierz Fajans ya tsara wannan tunani a 1923: ƙaramin ayon mai babban caji yana karkato gajimaren ilektron na abokin haɗinsa, har haɗin ya fara komawa na tarayya maimakon na caji zalla.

Misalin da na fi so shi ne na ayon uku masu kusan girma ɗaya. A ma'aunin pikomita, wanda ake auna girman atom da ayon da shi, Na⁺ na sodiyom 102 ne, Ca²⁺ na kalsiyom 100, La³⁺ 103. Girma bai bambanta ba, caji ne ya tashi daga 1 zuwa 2 zuwa 3. To ga sakamakon: NaOH, sodar da ake yin sabulu da ita, tana narkewa sarai, tana cin fata. Ca(OH)₂, farar ƙasar shafe bango, kaɗan take narkewa. La(OH)₃ kuwa kusan ba ya narkewa ko kaɗan. Kowane ƙarin caji, ƙarin rowa ne wajen sakin OH⁻.

Me ya sa ayon ke ƙanƙancewa daga lantanom zuwa lutetiyom, alhali ilektron ƙaruwa suke yi?

Wannan shi ne tsukewar lantanaid, sunan da Victor Goldschmidt na ƙasar Norwe ya raɗa masa a 1925. A kowane taki ana ƙara furoton ɗaya a cibiya da ilektron ɗaya a zagayen 4f, ɗaya daga cikin zagayen da ilektron ke zama a kewayen cibiya. Matsalar ita ce 4f a can ciki yake, ƙarƙashin 5s da 5p, kuma siffarsa a warwatse take. Aikin ilektron na ciki shi ne ya tare wa na waje jan cibiya, amma 4f ba katanga ba ne, zana ce mai huji. Wutar da ke bayanta tana ƙara ƙarfi, zanar ba ta tare duka ba, sai na waje su ji ja ya ƙaru, su matso ciki.

Ga lambobin girma da masani Shannon ya fitar a 1976 ga ayon da maƙwabta shida suka kewaye: La³⁺ 103, Nd³⁺ na niyodimiyom 98, Gd³⁺ na gadoliniyom 94, Ho³⁺ na holmiyom 90, Lu³⁺ na lutetiyom 86. Pikomita 17 ke nan a taki 14, ɗaya da ɗoriya a kowane taki. Ka lura da ƙanƙantar wannan tazara, za ta dawo a amsar da ke kan rabuwa.

Akwai tarko a nan da ke kama ɗalibai. Wannan saukar a jere ta ayon masu +3 ce. Idan aka zana girman atom a cikin ƙarfen kansa, yuropiyom da itabiyom sai su yi tsalle sama, su ɓata layin, domin a cikin ƙarfe ilektron biyu kawai suke bayarwa. Samariyom da gadoliniyom suna wajen 180, yuropiyom da ke tsakaninsu ya haura 200. Ka karanta kan zanen da kyau kafin ka ɗauki biro.

To wane haidiroksaid ne ya fi halin kanwa, wanne ne ya fi rauni?

La(OH)₃ ne kan gaba, Lu(OH)₃ ne na ƙarshe, sauran suna sauka a hankali a tsakani. Lissafin z/r ya nuna haka: lantanom 3/103, wato 0.029, lutetiyom 3/86, wato 0.035. Ƙarin kusan kashi 20 cikin ɗari ne.

A zahiri ana gani. La₂O₃ yana yin halin farar ƙasar da aka ƙona ba a jiƙa ba: ka bar shi a buɗe ya sha danshi da iskar kabon daga sarari, ka zuba masa ruwa ya yi zafi. Shi ya sa a ɗakin gwaji ake ƙona shi kafin a auna, in ba haka ba wani ɓangare na abin da ke kan sikeli ba shi ba ne. A damshin Kumasi kuwa, kwalbar da aka manta ba a rufe ba ai sai dai haƙuri. A ɗaya ƙarshen, Yb(OH)₃ na itabiyom da Lu(OH)₃ suna ɗan narkewa a cikin soda mai kauri da zafi, alamar sun fara taka sawun asid. Haka kuma idan kana ɗiga ruwan bes a hankali, lutetiyom yana fara kwantawa tun pH, ma'aunin tsamin ruwa da ke hawa idan ana ƙara bes, na wajen 6, lantanom sai an kusa 8. Mai rauni shi ke fara faɗuwa.

Kada ka ɗauka lutetiyom ya zama asid. Duk gidan bes ne, kowane oksaid ɗinsu mai +3 yana narkewa a asid. Bambanci ne na cikin gida.

Ashe abin da ba ya narkewa a ruwa yana iya zama bes mai ƙarfi?

Abu biyu ne ake haɗawa. Narkewa daban, iya kashe asid daban. La(OH)₃ ba zai sa ruwa santsi kamar soda ba, amma ka kawo masa asid, ko mai rauni ne, zai cinye shi. Yana ma iya korar amoniya daga gishirinta. Maganin ƙwannafi mai magniziyom haka yake: ba ya narkewa a kofi, amma yana kwantar da tsamin ciki. Idan tambayar jarrabawa ta ce "ya fi ƙarfi", tana gwada shi da 'yan gidansu ne, ba da soda ba.

Tsakanin caji da girma, wanne ya fi tasiri?

Caji, kuma ba kusa ba. Seriyom ne shaida. Ce³⁺ pikomita 101 ne, z/r ɗinsa 0.030. Cire masa ilektron ɗaya ya koma Ce⁴⁺: caji ya hau zuwa 4, girma ya faɗo zuwa 87, z/r ya zama 0.046. Ƙarin ya haura kashi 50 cikin ɗari a taki ɗaya, alhali tafiyar gidan gaba ɗaya daga lantanom zuwa lutetiyom kashi 20 ta bayar. Dalili kuwa bugu biyu ne a lokaci ɗaya, domin ƙarin caji da kansa yana tsuke ayon. Saboda haka Ce⁴⁺ ba ya zama lafiya a ruwa sai an cika masa asid, kuma yana kwantawa tun pH na wajen 3, lokacin da 'yan uwansa masu +3 ko gezau ba su yi ba.

Wannan ne ya tona asirin lantanom. A 1839 Carl Gustaf Mosander na Suwidin ya ƙona gishirin seriyom a iska, ya zuba wa tokar asid ɗin naitirik mai ruwa-ruwa. CeO₂, oksaid ɗin seriyom mai +4, ya ƙi narkewa, amma wani abu da ke ɓoye a ciki, mai halin kanwa sosai, ya narke ya fito. Aka sa masa suna daga kalmar Girkanci mai nufin ɓuya. Har yau haka masana'antu ke fara cire seriyom: a tura shi zuwa +4, ya fita daga layi.

Yuropiyom kuma ta ɗaya ɓangaren yake bi. Da zinki ana sauke shi zuwa Eu²⁺, mai ilektron bakwai a 4f, wato rabin cika. Girmansa ya tashi daga 95 zuwa 117, z/r ya faɗo zuwa 0.017. Sai ya bar halin gidansu ya koma kamar istironshiyom, mai pikomita 118: haidiroksaid ɗinsa ya fi na kowane mai +3 halin kanwa, salfet ɗinsa kuma ba ya narkewa. Da salfet ɗin ake tsamo shi daga cikin taro.

Ina itiriyom da iskandiyom suke shiga a jerin?

Bisa tsarin jadawali, itiriyom yana saman lantanom, ya kamata ya fi kowane lantanaid ƙanƙanta. Amma tsukewar da aka yi bayani a sama ta sauko da na ƙarshen gidan har suka same shi. Y³⁺ pikomita 90 ne, daidai da holmiyom. Don haka halin kanwarsa yana can tare da masu nauyi, kuma a dutse ɗaya ake samunsu, duk da cewa nauyin atom ɗinsa 89 ne, na holmiyom 165. Sinadari ba ya tambayar nauyi, girma da caji yake dubawa.

Iskandiyom ɗan riƙo ne a gidan. Pikomita 75 kacal, z/r 0.040. Sc(OH)₃ yana narkewa a asid, yana kuma narkewa a soda, kamar na alminiyom. Idan aka haɗa duka masu +3, shi ne mafi raunin halin kanwa.

Tsukewar ba ta tsaya a gidan ba. Zr⁴⁺ na zakoniyom 72 ne, Hf⁴⁺ na hafniyom da ke ƙarƙashinsa a jadawali 71. Kamanninsu ya sa hafniyom ya ɓuya cikin duwatsun zakoniyom har 1923, lokacin da Coster da Hevesy suka gano shi a Kofenhegen.

Me ke faruwa da ayon ɗin idan yana cikin ruwa kawai, ba a zuba masa komai ba?

Ƙwayoyin ruwa suna kewaye shi, kowace ta juyo masa da oksijin. Manya irin su La³⁺ suna ɗaukar tara, ƙanana irin su Lu³⁺ takwas. Jan da ayon ke yi wa oksijin yana sa ɗaya daga cikinsu ta saki H⁺, ruwan ya ɗan yi tsami. Ma'aunin pKa na wannan saki kusan 8.5 ne ga lantanom, 7.6 ga lutetiyom, 4.3 ga iskandiyom. Ƙaramar lamba, ƙarin tsami. Jerin halin kanwa ne aka karanto daga baya.

Wannan kana iya ganinsa a tsakar gida ba tare da ko ƙwayar lantanaid ba. Na taɓa yi wa yaran da kofi biyu na gilashi. A ɗaya na narka gishirin miya, a ɗaya alimun, wanda ake sa wa ruwa ya kwanta. Na jiƙa kanwa na tace, na zuba wa kowanne. Kofin gishiri bai ce uffan ba. Na alimun ya yi ƙananan kumfa, sannan wani farin abu mai kama da kunu ya taso ya fara kwantawa. Na⁺ babba ne mai caji 1, bai taɓa ruwan ba. Al³⁺, alminiyom da ke cikin alimun, pikomita 54 ne da caji 3, ya riga ya tsamar da ruwan tun kafin kanwa ta iso. Hajiyar gidan da ke wucewa da tire ta tsaya ta ce, "Malam, alimun ɗina ne kuke wasa da shi?" Sai da na biya.

Ke nan z/r ya isa ya bayyana komai?

A cikin gida ɗaya, yana aiki ƙwarai. Idan ka tsallaka gida, yi hattara. Fe³⁺ na baƙin ƙarfe ya fi Al³⁺ girma, z/r ɗinsa ya fi ƙanƙanta, amma pKa ɗinsa wajen 2 ne, na alminiyom wajen 5. Baƙin ƙarfe yana da zagayen d da ke shiga haɗi da oksijin kai tsaye. Abin da ya sa lantanaid suka zama misali mai tsabta shi ne 4f a binne yake, ba ya sa hannu a haɗi sosai, sai aka bar girma da caji su kaɗai a fili. A ganina wannan ne ya sa malamai ke son babin, ba don muguntar da ɗalibai ke zato ba.

Ta yaya wannan ɗan bambanci ke taimakawa wajen raba su?

Da farko da ƙyar. A 1843 Mosander ya riƙa ɗiga amoniya kaɗan-kaɗan, mai raunin halin kanwa ya fara kwantawa, ya tace, ya sake. Da haka ya fitar da kashi uku daga abin da ake zaton abu ɗaya ne, wanda ya fito daga dutsen ƙauyen Ytterby na Suwidin. Ƙauyen nan shi kaɗai ya ba sinadarai huɗu suna: itiriyom, tabiyom, abiyom da itabiyom. Amma tun da tazarar maƙwabta pikomita ɗaya ce da ɗoriya, kowane zagaye ɗan kaɗan yake tacewa. Abin da aka kira didimiyom ya yi shekara sama da arba'in ana ɗaukarsa sinadari ɗaya, sai a 1885 Carl Auer von Welsbach ya raba shi gida biyu, farasiyodimiyom da niyodimiyom. Charles James a Amurka kuwa sai da ya maimaita daskarar da gishirin tuliyom sau 15,000 kafin ya gamsu a 1911. Duk wanda ya taɓa tsince tsakuwa daga buhun shinkafa zai tausaya masa.

Sauƙi ya zo a shekarun 1940 da hanyar musayar ayon, wadda Frank Spedding ya bunƙasa a Ames ta jihar Iowa. Ana cika dogon bututu da ƙwayoyin roba masu kama ayon, a zuba cakuɗen, sannan a bi shi da ruwan sitiret, ɗan uwan tsamin lemo. Ƙaramin ayon ya fi riƙe sitiret, don haka shi ke fara sakin robar ya bi ruwa. Lutetiyom ke fitowa farko, lantanom a ƙarshe. Ɗalibai kan juya wannan jeri. Ka tuna amsar riƙo a sama, ba za ka juya ba. Da irin wannan hanya Marinsky da Glendenin da Coryell suka gano furometiyom a 1945 a Oak Ridge. Yau masana'antu sun fi amfani da ruwa biyu da ba sa haɗuwa, ɗaya na asid ɗaya mai kama da kananzir, ana kaɗawa ana rabawa a tankuna ɗaruruwa a jere. Dabarar ta sauya, amma abin da ake dogara da shi bai sauya ba.

Ƙasa ma ta riga mu yin nata rabon. Dutsen monazait ya fi ɗaukar manyan ayon, irin su seriyom da lantanom da niyodimiyom, zenotaim kuma ya fi ɗaukar itiriyom da ƙananan.

Wannan karatu yana da wani amfani ga mutumin Zango?

Yana aljihunka. Maganaɗisun lasifikar wayarka na niyodimiyom ne da baƙin ƙarfe da boron, haɗin da aka fito da shi a farkon shekarun 1980. Ƙanƙarar ƙyastu ta laita haɗin seriyom ce da baƙin ƙarfe. Garin CeO₂ ake goge gilashi da shi. A asibiti, gadoliniyom da ake yi wa mutum allurarsa kafin hoton MRI ba a sa shi tsirara: Gd³⁺ pikomita 94 ne, ya yi kusa da Ca²⁺ mai 100, ga shi da caji 3, sai ya ƙwace wa kalsiyom wurinsa a jiki. Shi ya sa ake ɗaure shi cikin wani sinadari mai hannuwa da yawa har ƙoda ta fitar da shi. Masu ciwon ƙoda kuma akan ba wasunsu lantanom kabonet, domin La³⁺ yana damƙe fosfet na abinci a hanji ya hana shi shiga jini.

Zan iya cire waɗannan ƙarafa daga tsofaffin kaya in sayar?

Wani kawuna da ke sana'ar kayan gyaran mota a Suame Magazine ne ya yi mini wannan tambayar. Ya ɗauko farin tubalin nan mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma da ke cikin salansar mota, ya ce, "Ɗana, kai da ka yi boko, me ke ciki da ake rububinsa haka?" Na ce, "Kawu, abin da masu saye ke nema filatinom ne da faladiyom da rodiyom. Akwai seriyom a ciki, shi ke ajiye oksijin ya saki ta hanyar sauyawa tsakanin +4 da +3, amma ba shi ke da tsada ba."

Ciro maganaɗisu daga tsohon faifan kwamfuta da sukundireba abu ne mai sauƙi, kuma ana iya sake amfani da shi yadda yake. Ka dai kula da yatsunka, biyu idan suka haɗu suna tsinke fata, kuma a nisanta ƙananan daga yara, haɗiye su yana huda hanji. Amma narka shi a asid don a raba niyodimiyom da disfurosiyom, wannan aikin tankunan nan ne da aka ambata a amsar rabuwa, ba na bokiti a bayan shago ba. Abin da za ka samu shi ne cakuɗe da hayaƙi mai cin huhu da ruwan guba a kwata. Yashin monazait kuwa yana ɗauke da toriyom mai fitar da haskoki masu cutarwa, ba abin ajiyewa a ɗaki ba ne.

Kawu ya juya tubalin a hannunsa, ya hura ƙurar da ke ramukan. Na ce masa wannan ma ya daina, ƙurar ba ta shaƙa ba ce. Ya mayar da shi cikin buhu ya ɗaure bakin.